Farfesa Ya Nemi Misali

Rumasa'u ta sa na rantse ba zan ba da labarin nan ba sai takardar digirinta ta shiga hannu. Jiya ta karɓo, saboda haka ku matso.

Shekara huɗu ƙawar tawa ta yi tana digiri na biyu a fiziks, a kan wani irin tangaran da ake kira sufakondakta, wanda in aka sanyaya shi sosai lantarki ke ratsa shi ba wata tangarɗa. Ita ba lantarkin ne ya dame ta ba, tafiyar zafi a cikin abin take bincike. Ranar kare kundi aka gayyato wani Farfesa daga wata jami'a. In bai sa hannu a ranar ba, wa'adinta ya ƙare, sai dai ta koma farko. Ni aikina riƙon kuloli, don kun san al'adar, ɗaliba ce ke ciyar da masu titsiye ta. Funkaso da miyar taushe, tun asuba muke kansu.

Ƙarfe tara daidai aka bugo waya, Farfesa ya shigo get ɗin makaranta. Muka gyara zama. Ashe ya tsaya su gaisa da shugaban tsangaya. Yana fitowa ya yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibinsa, ɗalibin ya ja shi ganin sabon ofis. A bakin ofishin ya ji an yi wa magatakarda rasuwa, ya karkata ta'aziyya. Sai ƙarfe ɗaya saura ya shigo yana saɓa babbar riga.

"To, mu hanzarta," in ji shi, "ni ba na son ɓata lokaci."

Rumasa'u ta miƙe. "Ranka ya daɗe, abu biyu ne ke dakon zafi a cikin tangaran ɗin: ilektron, wato ƙwayar lantarki, da girgizar ƙwayoyinsa, wadda ake kira fonon. Da kowa zai miƙe hanyarsa, da nan da nan zafi ya ƙetare. To sai su riƙa karo. Wannan ya bangaji wancan, ya karkata, ya sake haɗuwa da wani. Tafiyar ba nisa, amma kafin a isa an daɗe."

Tana bayani Farfesa yana buɗe kula. Ya leƙa ta saman tabarau, ya ga man miya ya daskare.

"Ikon Allah! Mai binciken zafi, miya kamar daga firij!"

Dakta Ɗanlami, malamin da ya duba mata aikin, ya yi irin dariyar nan da ake yi wa manya, "ehe-he-he," kafaɗa na rawa, ido na kan biron Farfesa.

"Yarinya, kin taɓa riƙe tangaran ɗin nan a hannunki?" in ji Farfesa.

"A'a, ranka ya daɗe, babu shi a ɗakin gwajinmu. Lissafi na yi a kwamfuta."

"Kwam-fu-ta!" Sai da ya raba ta gida uku. Ya rufe biro, ya mayar aljihu, ya dafa aljihun. Dariyar Dakta Ɗanlami ta ɗauke kamar an kashe janareta. "Ni ba na sa hannu a kan tatsuniya. Ki ba ni misali ɗaya tak na wannan karon naki, wanda kika gani da idonki a garin nan, wanda ko direbana zai gane. In babu, mu tashi."

Rumasa'u fa ko a aji ba a jin muryarta. Ta gyara mayafi, ta dubi agogon bango, ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, daga get zuwa ɗakin nan tafiyar minti biyar ce. Kuma lokacin da ka shigo get, miyar nan tururi take."