Ciyaman Ba Ya Faci

Duk wanda bai san Ciyaman ba, to bai taɓa zaman haya a gidan benen nan ba, kuma ya yi babbar asara. Mutum ne da aka halitta don shugabanci, tun daga tafiyarsa. Idan yana saukowa daga bene sai ka rantse jirgi ne ya sauke shi. Ranar da 'yan haya suka taru za su zaɓi wanda zai riƙa kula da shara da famfo da fitilar tsakar gida, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Shi kaɗai ya miƙe. Har yau yana ba da labarin yadda jama'a suka matsa masa lamba.

A wurin aiki mataimakin mai kula da sito ne, amma masu tarbiyya ba sa tada wannan zance. A gida Ciyaman ne. Har matarsa ya nemi ta riƙa kiransa haka. Ta ce ta ji, ta ci gaba da cewa Baban yara.

Yana da mota, kamar yadda ya dace da mai muƙami. Shi Gimbiya yake ce mata. Gimbiyar nan ta girmi babbar 'yarsa, wadda yanzu malamar makaranta ce. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya tun tuni, Ciyaman kuwa ya yi wa maƙwabta bayani cewa mota idan ta kai wani matsayi ba a ƙirga mata tafiya. Kullum da safe yana goge ta da tawul, daga rufi har madubi. Ƙarƙashinta ne kawai bai taɓa leƙawa ba, saboda babban mutum ba ya durƙuso a bainar jama'a.

Da aka yi karo-karo aka shafe tsakar gida da sabon siminti, Ciyaman ya tara mutane ya kafa doka.

"Duk abin hawan da ya ɓata filin nan, ko na wane ne, waje zai kwana. Ni ba na duba fuska. Tarihi zai tuna da wannan siminti."

Ba a yi mako ba tabon baƙin mai ya bayyana. Ciyaman ya goya hannu a baya ya fara bincike. Ya fara da direban tasi da ke zaune a ƙasa, mutum mai 'ya'ya da yawa da ƙarancin magana. Ya yi masa faɗa a gaban iyalinsa, ya kori tasin waje. Tabo bai fasa ba. Ya koma kan janareton tela, aka ɗauke janareto. Tabo ya ƙara faɗi. Ɗigon kuwa ba ɓoye kansa yake yi ba. Daga bakin get yake farawa, ya bi layi tiryan-tiryan, ya je ya yi tafki a ƙarƙashin Gimbiya.

Ciyaman ya tsaya a kan tafkin ya girgiza kai.

"Na gane. Akwai masu zuwa su zuba mai a ƙarƙashin motata don su ɓata mini suna. Duk shugaba na gari sai ya gamu da irin wannan."

Da maƙiyan nan sun ci gaba da aikinsu har abada, ba don matar Ciyaman ta taka man ba. Ta ɗauko baho cike da wanki za ta kai igiya, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan hannunta. Ma'aikaciyar jinya da ke hawa na biyu ce ta ɗaga ta, ta kai ta asibiti, aka dawo da ita hannu a naɗe, rataye a wuya.

"Baban yara," in ji ta, "ko ka kai tsohuwar nan gareji, ko ka koyi wanki da girki. Ni dai ka ga hannu."

Kalmar tsohuwa ta fi karayar hannun yi masa ciwo. Ya ce ba zai bari a tilasta masa ba. Ya shiga kicin da kansa, ya ɗanɗana abin da ya dafa, washegari ya kai mota gareji.

Bakanike ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa, ya jima, ya fito yana goge hannu. Ya tada injin ya saurara, ya zagaya ya duba bakin salansa.

"Yallaɓai, robobin da ke tare mai ne suka bushe, gaskit ma ya mutu. Amma injin da sauransa, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. A kwance, a sa sababbi, a ɗaure. Ɗan faci ne kawai."

Da bakaniken ya san da wanda yake magana, da ya nemi wata kalmar. Ciyaman ya cire tabarau a hankali.

"Faci? Dube ni da kyau. Faci na taya ne da wandon ɗan makaranta. Ni idan abu ya lalace, daga tushe nake tumɓuke shi. Haka na yi wa famfon gidanmu."

Gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar 'yan haya suke sayen ruwa.

"To, canjin inji ma ana yi," in ji bakanike. "Sai dai injin kwance sa'a ne, ba ka san wahalar da ya sha a hannun wani ba. In ka matsa, bari in raka ka kasuwa in duba maka."

Ciyaman ya yi murmushin wanda ya gano tarko. Wato a raka shi a ci lada a kansa. Ya ce kunnensa ya fi na'ura, ya tafi shi kaɗai, da kuɗin da aka daɗe ana tarawa don hayar baɗi. Bai ga dalilin damun matarsa mai jinya da wannan ƙaramar magana ba.

A kasuwar kayan mota injuna ne jere a ƙasa, baƙaƙe, duk maiƙo. Ya wuce su yana yatsina. Can a wata rumfa ya hango ɗaya da aka wanke tas aka fesa masa fenti ruwan azurfa, yana walƙiya kamar sabuwar tukunya. Mai rumfar ya dubi takalminsa, ya dubi tafiyarsa, ya miƙe tsaye.

"Sannu da zuwa, Injiniya!"

A nan ciniki ya faɗa, sauran duk hira ce. Mai rumfa ya ce injin na wata dattijuwa ce da ba ta zuwa ko'ina sai asibiti, shi ma sau ɗaya a wata. Ciyaman ya ƙwanƙwasa ƙarfen da makulli, ya kara kunne, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Injin da ba a tada ba ya gaya masa duk abin da yake son ji.

Bakanike ya ga kaya ya buɗe baki zai yi magana, aka ɗaga masa hannu. Ya ɗaura injin. Tsohon injin kuwa, Ciyaman ya sa aka kawo shi tsakar gida a baro, ya kira direban tasi, wanda nasa injin ya mutu a 'yan kwanakin, ya miƙa masa a gaban kowa.

"Ga shi, ka je ka lallaɓa. Na ba ka ne don a san ni ba na riƙo."

Direba bai tambayi wane ne ya kamata ya yi riƙon ba. Ya yi godiya, ya tura baro zuwa garejin nan, aka yi ɗan facin da aka ce, aka ɗaura shi a tasi.

Ranar Asabar da hantsi aka yi bikin buɗe sabon inji. Ciyaman ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin Gimbiya, ya yi jawabi a kan bambancin masu hangen nesa da masu toshe-toshe, sannan ya murɗa makulli. Dole a yi masa adalci: ko ɗigo ɗaya bai sauka a ƙyallen ba. Sabon injin ba ya zubar da mai. Shanye shi yake yi, ya fitar da shi ta baya. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har ba a ganin mai jawabi. Jaririn tela ya kama tari. Mata suka ruga kwashe shanya. Daga cikin hayaƙin aka ji muryar Ciyaman.

"Hayaƙin sabunta ne, zai wuce! Amma ku faɗi gaskiya, kun ga ɗigo?"

Ba wanda ya gani. Ba wanda ma yake ganin komai.

Hayaƙi bai wuce ba. Ciyaman ya koma sayen baƙin mai galan-galan, yana ɗura mata safe da yamma kamar mai ba mara lafiya magani. Bangon da ke bayan motar ya yi baƙi. Fararen kayan aikin ma'aikaciyar jinya suka koma ruwan toka. Duk wanda ya yi ƙorafi, sai a kama hannunsa a kai shi a nuna masa siminti fes.

Wata Litinin da safe, daidai lokacin da kowa ke saurin fita, Gimbiya ta kai tsakiyar get, ta yi wata ƙara kamar an zuba cokula a bokiti, ta yi shiru. Ba gaba, ba baya. Masu zuwa aiki da masu kai yara makaranta suka yi cirko-cirko a bayanta. Da suka gaji da jira suka tuɓe agogo suka sa hannu. Ciyaman na zaune a ciki riƙe da sitiyari, yana ba da umarni ta taga. Suka tura shi waje har gindin bishiya, suka karkaɗe hannu, suka watse ba sallama.

Bakanike ya zo ya duba, bai ko ajiye akwatin kayan aikinsa ba.

"Yallaɓai, injin ya buga. Wannan ko faci ba zai karɓa ba."

A ranar matar Ciyaman ta tambayi inda kuɗin haya suke. Ya fara jawabi. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga ɗaki, ta kira babbar 'yarsu a waya. Yanzu albashin malamar makaranta ne ke rufa wa shugaba asiri. A taron da ya biyo baya 'yan haya suka zaɓi ma'aikaciyar jinya. Ciyaman ya sanar da cewa ya sauka ne don a ba matasa dama.

Aiki dai ba a fasa zuwa ba, kuma tasin maƙwabci ce mafi kusa. Kullum Ciyaman ne a gidan gaba, gwiwar hannu a taga. Tsohon injin yana tafiya sumul, ba hayaƙi, ba tari, kuma ba fasinjan da ke sauka bai ji tarihinsa ba.

"Kuna jin sautin nan?" ya ce wa na baya wata safiya, yana buga gaban mota da tafin hannu. "Injina ne. Ni na raine shi. Babu ƙusar da ban sani ba a jikinsa. Yaron nan tuƙi kawai yake yi."

Wata mata da ke rungume da kwandon cefane ta leƙo daga baya, ta dube shi cike da tausayi.

"Allah sarki, baba, ashe kai ne bakanikensa. To don Allah in mun tsaya ka duba ƙofar nan, tun ɗazu da hannu nake riƙe da ita."