Koren Fentin Mista Orville

Jama'a, ranar Asabar ɗin makon jiya na ga ta kaina. Na ɗauko maƙwabcina Mista Orville Tackett, ɗan shekara tamanin da uku, zuwa filin ƙwallon kwalejinmu ta Harlow Creek, sai muka tarar an ja igiya an kewaye gindin bishiyar da muka shekara talatin muna ajiye mota muna gasa haƙarƙari. Wai wurin ya zama na Manyan Masu Gudummawa. Can bayan maƙabarta muka samu wuri, muka tako mil guda, tsoho yana rungume da gwangwanin koren fenti, ya ƙi bari in kama masa.

Kun dai san dokar Tsohuwar Garma. Tsakaninmu da kwalejin Brantley, wanda ya ci wasan shekara shi zai tafi da ita gida ya shafe ta da launinsa, mu kore, su ja. Sau casa'in da takwas muka kara, muka ci sha bakwai, kuma biyu daga ciki an ce mura ce ta kwantar da rabin 'yan wasansu. Rabonmu da garmar nan shekara arba'in da ɗaya. A wancan lokacin Mista Orville ne mai kula da ciyawar fili, shi ya shafa mata kore da hannunsa. Tun daga nan duk shekara sai ya sayi sabon gwangwani, ya je da shi, ya dawo da shi. Burinsa ke nan a duniya, ya sake shafawa sau ɗaya kafin a kira shi.

Ba zan ce shugabanninmu sun zauna ba, Allah ya ƙara musu hangen nesa. Masu horarwa tara suka kora, kowanne da sallamar da za ta gina asibiti. Sun kafa allo mai girman gidan sama domin mu ga kashin da ake ba mu dalla-dalla. Har tambarin kwalejin suka sauya, daga tinkiya zuwa damisa, wai don a tsorata Brantley. Wani ɗan Brantley da ke zaune bayanmu ya dafa ni ya ce damisar ta yi kyau, sai dai har yanzu da gudun tinkiya take gudu.

Aka tashi Brantley arba'in da biyar, mu uku. Ukun ma na hana rantsuwa ne, sai da suka sako yaransu na benci muka samu.

Mun sha kashi mun saba, ai mu da shan kashi kamar kifi da ruwa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jawabin Mai Girma Sarkin Wasannin kwalejin bayan an tashi. Ya ce albishirinmu, daga baɗi mun bar rukunin kwalejojin da muke ciki tare da Brantley mun koma wani rukunin mai kuɗin talabijin, saboda haka Brantley ba za ta sake cin mu ba har abada. Maganin kar a yi, kar a fara. A tsawon rayuwata wannan ne alkawarin farko da na tabbata za su cika.

Da muka kai ƙofar gidansa Mista Orville ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, to garmar fa?"

Na ce masa ta zama ta Brantley ke nan, tunda babu sauran wasa.

"Shekara arba'in da ɗaya yaran nan suna lallasa mu, ban taɓa jin kunya ba, don nakan ce akwai baɗi," in ji shi. "Brantley wasa kawai take ƙwacewa. Baɗin kuwa namu ne suka ƙwace."

Wallahi ya ba ni tausayi.

Amma kada ku ce manya ba su da zuciya. Ashe tuni an kafa kwamiti, kwamitin ya ba wani kamfani kwangilar ƙera mana garma tamu ta kanmu, irin waccan sak, a saka ta a akwatin gilashi mai na'urar sanyi. Suka gayyaci Mista Orville ya yaye mata ƙyalle jiya. Ya ce garmar da ba a ci ba ai ba ta fenti ba ce, su yaye kayansu. Ni kuwa da son ganin ƙwaf, na je.

Aka yi jawabi huɗu, aka buga badujala, Mai Girma ya ja ƙyalle. Tafin da aka fara ya mutu a hannu. Hoton garmar na bana suka aika wa kamfanin, suka ce kada a sauya ko ƙusa ɗaya, kamfani kuwa ya cika umarni. Ga ta nan jawur a tsakiyar zaurenmu, an like gilashin yadda ko ƙuda ba zai shiga ba.

Na ji an ce za a kafa wani kwamitin ya binciki lamarin. Ni dai shawarata a bar ta haka, domin wannan ne karo na farko da aka kashe kuɗinmu aka sayo gaskiya.