Sai-Ni da Sifirin ɗin Injin Ciyawa

"Yaya, wannan ɗan sifirin ɗin ne ya hana ka sukuni? Ni da na kwance injin tirela da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina amsa waya?"

Mai wannan magana Sai-Ni ne. Kai ma ka san irinsu: ko ƙwan fitila ya mutu a gidan maƙwabta, kafin a buɗe baki ya ce sai shi, har sunan ya bi shi. Sana'arsa sayar da rigar waya a bakin titi. Tirela kuwa, iyakar sanin da ya yi mata shi ne ta wuce ta bule shi da hayaƙi.

Wanda yake kira Yaya wan matarsa ne, mai kula da lambun wani otal. Ranar bawan Allah nan yana cikin tashin hankali. Bel ɗin injin yankan ciyawa, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, ya tsufa yana santsi, injin ya ƙi tafiya. Manaja ya ce baƙi za su iso ƙarfe huɗu, in ciyawa na nan yadda take, Yaya ya ajiye makullai ya kama gabansa. Makanike ya yi tafiya. Sabon bel na hannu, amma sai an cire wani sifirin mai taurin tsiya da ke jan hannun ƙarfen da ke ɗame bel ɗin. Ana cikin haka ƙanwarsa tela ta kawo masa kayan aikin da ta ɗinke, gogan yana biye da ita cikin fararen kaya.

Da Sai-Ni ya ce a bar masa aikin, Yaya ya so ya ce a'a, kunyar surukuta ta riƙe masa baki.

Sai-Ni ya naɗe hannun riga, ya taka birki ya kulle, ya yi musu lacca cewa ƙwararre ba ya shiga ƙarƙashin inji sai birki na kulle. Ya kwanta, ya damƙi ƙugiyar sifirin da filaya, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Filaya ta suɓuce, gwanin ya kai wa bakinsa naushi da kansa. Ya fito yana lasar jini, ya ce filayar jabu ce, shi ko a kyauta ba zai karɓe ta ba.

Ya koma da sukundireba, ya zura, ya banƙara. Sifirin ya yi fiit, ya wuce ta gefen kunnen Yaya, ya faɗa cikin ciyawar nan mai kai gwiwa. Sai da Yaya ya yi kusan awa guda yana rarrafe kafin ya gano shi. Shugaban 'yan ɓarna kuwa yana tsaye a inuwa yana nuni da yatsa, wai ai haka manyan gareji suke cirewa.

Wajen mayarwa aka ga asalin wauta. Ya fara sa sabon bel, ya maƙala sifirin ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ƙi kaiwa da tazarar yatsu huɗu. Nan take ya yanke hukunci: raɓar ciyawa ce ta sa ƙarfen ya tsuke, a kawo wuta a gasa shi. Yaya ya roƙe shi don girman Allah ya bar zancen wuta. Sai ya nemi igiya, ya ɗaura a ƙugiyar, ya zagaya ɗaya bakin a ƙugunsa, ya tokare ƙafa da taya ya ja da baya kamar jakin da aka yi wa lodi. Igiya ta tsinke. Gogan ya tafi da baya, ya zauna daram cikin kwanon baƙin man da aka tsiyaye daga injin, wando ya ce keee.

Wallahi ko a nan bai yi shiru ba. Ya ce kamfanin ne ya ƙera sifirin ɗin ba daidai ba.

Ƙarfe biyu da rabi ta yi. Yaya ya zauna a kan dutse ya haɗa kai da gwiwa. 'Ya'ya biyar gare shi, kuma wannan aikin ne kaɗai abincinsu. Ƙanwarsa ta ga idonsa ya kawo ruwa, ranta ya ɓaci. Ta ce ita fa tun ɗazu ta lura, lokacin da aka taka birki hannun ƙarfen ya ja baya, sifirin ya miƙe. Mijin ya daka mata harara, ya ce wannan ba keken ɗinki ba ne, ta bar maza su yi tunani.

"To, Maigida, riƙe min jakata ka yi tunanin," in ji ta.

Ta sa Yaya ya tare tayoyi da duwatsu. Ta zame bel ɗin, ta saki birki, hannun ƙarfen ya dawo da kansa har kusa da ƙugiya. Ta ɗauko ƙyalle a cikin kayanta, ta zarga a ƙugiyar sifirin, ta ɗan ja, sifirin ya shige ƙwas. Ta ce Yaya ya taka birki, bel ya yi sako-sako, ta zura shi a mazauninsa. Duka-duka bai kai ta ɗinka maɓalli uku ba. Wato tun safe dolon yana kokawa ne da birkin da ya kulle da ƙafarsa.

Yaya ya haye, injin ya ɗauka, ciyawa ta fara zuba. Saura kwata ƙarfe huɗu ta cika manaja ya fito, ya duba lambu ya gyaɗa kai, ya ce Yaya ya ci gaba da riƙe makullansa. Nan fa Sai-Ni ya matso, leɓe a kumbure, mai na ɗiga daga bayansa, hannu ɗaya na kare yagar wando. Ya gyara murya ya fara bayanin yadda suka sha fama da aikin.

Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya juya wajen Yaya. "Wannan kuma wane ne?"

Yaya ya share zufa, ya ce, "Mijin makanikiyarmu ne, ranka ya daɗe. Shi ke riƙe mata jaka."