Ranar da Na Rasu a Sahun Farko

Ba zan taɓa mantawa da wata La'asar a masallacin unguwarmu ba, ko da na so kuwa, don mutanen Zaitawa ba za su bar ni ba. Lokacin an ɗan jima da komawa mulkin farar hula, kowa na ta maganar siyasa, ni kuwa babu abin da ya dame ni sai gwiwata ta dama.

Likita ya ce sanyin ƙashi ya cinye guringuntsin gefe ɗaya, ɗaya gefen lafiyarsa lau. Saboda haka ba sai an canza gwiwar gaba ɗaya ba, za a kankare inda ya lalace a sa ƙarfe da roba. Na ce a yi. Unguwa ta ce kada a yi (kai ka ce gwiwar ta gado ce, kowa na da kaso). Wanda ya fi zaƙewa shi ne Malam Habu, maƙwabcina a sahu, wanda ya daɗe yana hangen gurbina na bayan liman.

"Alhaji, duk wanda aka sa wa ƙarfe ai ya yi sallama da sujada," in ji shi. "Ka tanadi kujerar roba, can ƙarshen sahu wajen tsofaffi."

Maganar ta ƙona min rai matuƙa. Tun ina da baƙin gemu nake tsayawa a wurin nan, sai yanzu a tura ni jikin bango?

Aka yi aiki, ya yi kyau. Likita ya ja min kunne: sallah a kan kujera, kuma in riƙa zuwa gashin ƙashi a asibiti har gwiwar ta koyi lanƙwasa. Na ce to. Ranar da na fara fita jam'i, matata Hajiya ta miƙo min kujera, ni kuma na jingine ta a soro tare da sandata. Na shiga masallaci ina taku ɗai-ɗai, na dubi Malam Habu ido cikin ido, na tsaya a gurbina.

Tsayuwa lafiya, ruku'u lafiya. Da aka tafi sujada na bi su a hankali, goshina ya taɓa tabarma, har na ji wani daɗi a raina. Sai liman ya yi kabbara, kowa ya ɗago ya zauna, ban da ni. Sabuwar gwiwa ta ce ba ta san zancen zama a kan dunduniya ba. Na nemi in miƙe da tsohuwar, ita ma ta ce ba da ita aka yi shawara ba.

Da na mirgina gefe, da shi ke nan. Amma in mirgina a kan ƙafar Malam Habu? Allah ya kiyaye! Na yanke shawarar in yi lamo har a watse, sannan in lallaɓa. Haka aka ƙarasa raka'a huɗu a kaina, ina kife, gumi na shiga min ido.

Ana sallamewa na ji mutane sun kewaye ni. Wani ya taɓa kafaɗata, na ƙi motsi (wannan ita ce wauta ta biyu).

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Alhaji ya cika a sujada!"

Nan wuri ya ruɗe. Liman ya ce irin wannan cikawa kowa ke roƙo. Wani ya ce a tura gida a sanar da Hajiya. Sai ga muryar Malam Habu tana rawa, wallahi kuka yake: "Mutumin kirki! Ban taɓa riga shi zuwa masallaci ba. Wurin nan nasa ne, babu mai cike shi."

Gaskiya na so in ƙara sauraro. Amma da na ji ana cewa a ɗauko makara, na juyo da fuska na ce, "Jama'a, da raina. Gwiwa ce."

Ladan ya yi baya har ya ture buta. Ƙarti biyu suka ɗaga ni kamar buhun gero, aka zaunar da ni a kujerar roba, ta aro ma. Liman ya daure bai yi dariya ba, ya ce in sake sallar a zaune, addini bai ce in kashe kaina ba.

Kada wani ya ɗauka na yi nadamar aikin. Ban yi ba! Na koma gashi, na yi watanni a kujera, yau ina sujadata ina tashi ba mai kama ni, ciwon nan kuma ya tafi. Yara na kirana Alhaji Marigayi, ina amsawa.

Abin da na koya dai: in likita ya ce kujera, ka zauna. In kuma kana son jin alherinka a bakin maƙwabta, sai ka ɗan mutu. Malam Habu dai tun da na tashi bai ƙara yabona ba.