Gyaran da Na Yi wa Albarushin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Juma'ar da kirkina ya cinye wa mutum yatsa.

Ni direba ne a Riyad. Ina kwana a unguwar Gubaira, ina tuƙa wani dattijo, kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, take hannunsa. Baba muke ce masa, ni da Malam Isiyaku, mutumin Maraɗi da ke dafa masa gahawa. Baba yana da bindigar farauta ta gado, da takardar izininta, da wani tsohon injin cika harsashi da ya ɗaure a bakin tebur a gidan gonarsa. Ƙarfe ne mai hannu ɗaya kamar famfon burtsatse. Ka ja sau ɗaya, ya yi aiki ɗaya, a kan kwanson harsashi ɗaya. Aikin marasa gaggawa.

Bakina ne ya kai ni wurin. Wata rana muna hanya na ce masa ni ɗan maharbi ne. (Gaskiya ne, ubana maharbi ne. Abin da ban faɗa ba shi ne ni burgami kawai nake ɗaukar masa, kuma in ya ɗaga bindigar toka bayan bishiya nake.) Baba ya ji daɗi. Hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, sai ya ɗora ni a kan injin. Ina jan hannun injin, shi yana auna albarushi a wani ɗan sikeli kamar na masu zinare. In ƙwaya ta yi yawa sai ya sa hantsaki ya cire.

Abin ya riƙa ba ni haushi. Ubana da tafin hannu yake awo, kuma in za a yi harbin biki ƙarawa yake don ƙara ta kai ƙauyen gaba. Uwata hatsi take sayarwa, ban taɓa ganin ta miƙa mudu a shafe ba. Sai ta yi masa tozo, sannan ta bi da gyara. A wurinmu wanda ya tsaya daidai kan awo marowaci ne. Na ce a raina, attajiri guda, ga gona ga raƙuma, yana rowar gari.

To, iƙamata ta kusa ƙarewa, kuma babban ɗan Baba yana ta matsa masa a sallame ni a kawo matashi. Ana cikin haka Baba ya gayyaci surukansa fita daji ranar Juma'a, su harbi gwangwanaye su ci nama. Ranar Laraba ciwon ƙafa ya hana shi zama. Ya nuna mini sikelin ya ce, "Ka ƙarasa. Kamar yadda ka ga ina yi."

Na yi kamar yadda yake yi. Sannan kowane kwanso na bi shi da ɗan gyara. Niyyata bindigar ta yi rugugin da surukai za su girmama shi, shi kuma ya ga ba a rabuwa da irina. Malam Isiyaku ya leƙo da butar gahawa ya ce, "Ɗan maharbi, ka dai san abin da kake yi ko?" Na ce, "Malam, tsaya a gahawarka."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa dardumai a daji. Baba ya kira ni gaban baƙi, ya dafa kafaɗata, ya ce musu wannan gadon harbi ya yi, shi ya cika harsasan nan. Na sunkuyar da kai irin na mai kunya, alhali ciki kumbura nake.

Baba ya ɗora bindiga ya harba.

Ƙarar kam an samu. Bindigar ta tsage a hannunsa. Da hayaƙi ya washe sai ga Baba zaune a ƙasa, jini na bin farar rigarsa, babban yatsansa na dama ya dagargaje. Bai yi ihu ba. Ana ɗaure masa hannu da rawani ya dube ni ya ce, "Me ka zuba?"

Larabcina na tuƙi ne: dama, hagu, tsaya. Na ce, "Ziyada, Baba. Hadiyya." Wato ƙari, kyauta. Ba wanda ya gane. Dole Malam Isiyaku ya tsaya gaban surukai yana yi musu bayanin mudu da tozo da gyara, yana nuna ni da haɓa. Da ya gama ya juyo ya ce da Hausa, "Ɗan mai hatsi dai." Wani cikin baƙin ya fara dariya, ya ga jinin, ya haɗiye ta. Ni na tuƙa motar zuwa asibiti, ɗan Baba a bayana yana faɗin abin da zai yi mini. Wannan Larabcin na gane shi tsaf.

Yatsan bai tsira ba. Bindigar ubansa ma haka. Na haɗa jakata ina jiran a kai ni filin jirgi, ko inda ya fi nan muni. Amma Baba ya gaya wa masu tambaya shi ya cika harsasansa, tsufa ne ya sa ya kuskure awo. Ya sabunta mini iƙama. Injin kuma aka kwance shi aka jefa a sito.

Kada ka ce na ci bulus. Yanzu kullum da safe ni ke ɓalla masa maɓallan riga, don ba ya iyawa. Ina yi ina kallon dungun. Bai taɓa yi mini gori ba, da ma ya yi da na samu sauƙi. In Malam Isiyaku ba ya nan ni ke zuba masa gahawa, a ƙasar da cika wa baƙo kofi ma rashin ladabi ne (wannan kaɗai ya isa ya ankarar da mai hankali tun farko). Sai ya miƙo kofin da hagu, ya faɗi kalmar Hausa ɗaya tak da ya koya a duniya:

"Gyara, la." La ɗin Larabci ne, wato a'a.

Abin da na koya ke nan da furfurata. In an ba ka awo, tsaya kan awo. Alherin da ba a tambaye ka ba, ka ajiye shi sai ka koma kasuwar garinku.