Nomau da Fok ɗin Keken Tsere

Shekarau mai walda ne ya fara maganar a teburin mai shayi, bakinsa cike da burodi. Ya ce kaf ƙasar Bakori babu wanda ya san cikin keke kamarsa, ko ido a rufe aka miƙo masa ƙarfe zai faɗi inda ya dace. Alhali kowa a Rafin Gora ya san ƙofa da taga yake haɗawa, keke kuwa ko faci bai taɓa yi masa ba.

A gidansu akwai tsohuwarsu Inna Dije, akwai Shekarau da iyalinsa, sai ƙanensa Nomau da matarsa Tabawa. Nomau ya haura arba'in, ƙato ne, tafin hannunsa kamar faifai. Ba ya ƙarya, ba ya musu. Damuwarsa ɗaya ce: abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, abin da ke ranka kuwa kai ka sani. An gwada shi a gona, an gwada shi a kiwo, duk an sallamo shi. Shagon wansa kaɗai ya rage masa, inda yake riƙe ƙarfe ana walda. Yana son shagon nan ƙwarai, domin nan ne kawai mai wucewa ke ce masa sannu da aiki.

To, duk shekara in damina ta kusa ƙarewa, samarin ƙauyukan wajen kan yi tseren keke ta cikin fadamar rake, a hau, a sauka, a saɓa keke a kafaɗa a haye rafi. Ɗan'asabe, wanda ke yi wa Rafin Gora tsere, ya ji cika bakin Shekarau, ya ce to a ƙera masa keke daidai tsawonsa. Baki ya riga ya faɗa a gaban jama'a, babu halin janyewa. Shekarau ya yanka bututu, ya haɗa firam, wato gangar jikin keken, Allah ya rufa asiri abin ya tsaya. Saura fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Shi kam sayowa ake yi.

Wata rana Shekarau ya kira Nomau ya ce, "Ɗauki firam ɗin nan ka je Funtua ka gwada fok a jikinsa. Kada ka kuskura ka ajiye shi a ƙasa. Sunana ne a kan aikin nan. Ka ɓata shi, ka bar zuwa shagona." Nomau ya rataya firam a wuya. A tasha direba ya ce a ɗora kaya a saman mota, Nomau ya hau saman motar ya zauna da abinsa. A kasuwa mai kayan keke ya ce, "Sauke mana mu gwada, Malam." Nomau ya ce, "Ba a saukewa." Mutumin ya yi ta zagaya shi da fok a hannu kamar mai neman sa wa doki linzami, har ya gaji ya kore shi. Da la'asar Nomau ya dawo, wuya duk ya sale, ko ruwa bai sha ba. Shekarau ya ce, "Ina fok?" Ya ce, "Babu, Yaya. Amma bai taɓa ƙasa ba."

Wata rana kuma Ɗan'asabe ya leƙo shago ya ce shi fa ba ya son nauyi, tunda saɓa keken zai yi. Shekarau ya ce wa Nomau, "Ka ji. Bar firam a nan, ka sayo wanda ya fi kowanne rashin nauyi." Nomau ya roƙi wani mahauci aron sikeli, ya bi rumfunan kasuwa yana aunawa. Ya dawo yana murmushi, ya zaro abin daga aljihun gaban riga. Fok ɗin keken yara ne, ja, da hoton agwagwa a jiki. Ɗan'asabe ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Mai walda, wannan ni zan hau ko shi zai hau ni?"

Wata rana Shekarau ya ce wa Nomau, "Saurara da kyau. Na manya, mai ƙwari. Ka gwada ka tabbata ba ya lanƙwashewa kafin ka saya." Nomau ya isa rumfa, ya jingina fok na farko a dakali, ya hau da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ya lanƙwashe. Ya ajiye shi gefe cikin ladabi ya ɗauko wani. Kafin mai rumfa ya dawo daga alwala an tara masa su kamar lauje. Ya riƙe Nomau ya ba shi guduma, Nomau ya wuni yana miƙe su. Da ya dawo gida Tabawa tana gasa masa ƙafa ta ce, "Kai kuwa me ya sa kake haka?" Ya ce, "Ni in an faɗa mini abu, sai in ga mai maganar ya fi ni sanin abin da ya faɗa. In na canza, ai na raina shi." Tabawa ta ƙara ruwan zafi.

Daga nan Shekarau ya je da kansa. Ya sayo wani na gwanjo, siriri, sai ƙyalli yake yi, taya ta zauna a cikinsa cif kamar ƙafa a sabon takalmi. Ya yi wa keken fenti kore, ya kafe shi a ƙofar shago kowa ya gani.

Wata rana, ana gobe tsere, aka kira Shekarau kafa ƙofa a wani ƙauye. Yana ɗaure kaya a babur ya ce, "Nomau, duba min gaban nan. Ka tabbata hannu yana wucewa tsakanin taya da fok, kar ya riƙa guga." Ya tafi. Nomau ya sa hannunsa, ko ɗan yatsa bai shiga ba. Ya fita cikin gari yana tare duk mai keke yana cusa hannu a gaban kekensa, har da na liman. Babu inda hannun ya wuce, sai a keken Baba Cindo mai dakon rake, wani tsohon fok mai faɗi, tsatsa ta ci shi har ya koma ja. Nomau ya ce a yi musaya. Baba Cindo ya dubi mai ƙyalli, ya dubi Nomau, ya ce, "Ɗan nan, kai ka ce fa." Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya ɗaura musu.

Da safe a bakin fadama, ƙauyuka sun taru, Shekarau ya iso ya ga tsatsa a gaban kore. Ya ɗora hannu a ka. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida! Wannan ba zaɓina ba ne, ban san da shi ba. Aikin Nomau ne, kuma daga yau ya bar shagona!" Nomau ya ja gefe. Ya koma gindin wata giginya ya tsuguna, yana tunanin inda zai riƙa zuwa da safe.

Aka busa usur. Ƙasar fadamar nan baƙa ce, mai danƙo. Kafin a kai rafi ta naɗe wa kowa taya, ta cushe a wuyan fok, tayoyin gaba suka daina juyawa. Samari suka sauka suna tono da kara, suna zagin kekunansu. Na Ɗan'asabe kuwa taɓon shiga yake yi ya fita ta sararin nan, taya tana ta juyi. Ya iso ƙarshen tseren shi kaɗai, har ya sha ruwa kafin a hango na biyu.

Shugaban samarin ƙauyen maƙwabta ya tsuguna ya leƙa gaban keken ya ce, "Wa ya zaɓi wannan? Muna son irinsa."

Shekarau ya gyara hula ya matso. "Ai shi wannan aiki, in ba ka san ƙasar fadama ba..."

Nomau ya taso da sauri don ya kare wansa. "A'a, kada ku ɗora masa. Yaya ya ce ku shaida bai san da shi ba. Ko ba ku shaida ba?"

Fadama ta ɗauka baki ɗaya, "Mun shaida!"

Shekarau ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga fuskar da ba ta dariya ba. Ya matsa kusa da ƙanensa ya yi ƙasa da murya. "Gobe ka fito shago da wuri."

"Ka ce na bar shagon, Yaya."

"Na janye."

Nomau ya yi tunani sosai, domin ba ya son ya saɓa wa ko ɗaya daga maganganun biyu. Ya ce, "Waccan da ƙarfi ka faɗe ta, kowa ya ji. Wannan kuwa ni kaɗai na ji. Wacce zan bi?"

Jama'a suka zuba wa Shekarau ido. Ya goge zufa, ya yi gyaran murya, ya juyo ya fuskance su.