Ranar Da Rediyo Ya Narkar Mini Da Ƙashi

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Umaru a Kebbe ba, ko da ma na so in manta mutanen Kebbe ba za su bar ni ba. Kuskuren da na yi ɗan ƙarami ne. Tambaya na yi a aji aka ba ni amsa cikin ludayi, ni kuma na yi ta ƙara mata ruwa har ta cika tukunya.

Ga yadda aka yi. Muna ajin ƙarshe na firamare a Tambuwal, wata rana Malam yana yi mana bayanin yadda rediyo ke kamo magana. Ya ce daga Kaduna ake sako wani ƙarfi irin na lantarki wanda ido ba ya gani, ya biyo iska, ya ratsa daji da katanga, ya shiga cikin akwatin. Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ɗaga hannu.

"Malam, har jikin mutum yana ratsawa?"

"Har jikin mutum."

"Har ƙashi?"

"Har ƙashi."

"To ba ya yi wa ƙashin komai?"

Malam ya ce shi dai bai taɓa jin wanda abin ya yi wa illa ba, amma masana ba su daina bincike ba. (Farkon amsar nan a aji na bar shi. Ƙarshenta na zuba a aljihu na tafi da shi biki.)

Yaya Umaru, wana, yana aiki a En'e, wato hukumar gargajiya ta Sakkwato, kuma ya zo gida da sabon rediyo mai batir, cikin rigar fata, da igiyar ratayawa. Da muka isa Kebbe garin amarya, ya ga bai dace ango ya yi ta yawo da kiɗa a wuya a gaban surukai ba, sai ya rataya mini. Ya ce, "Ka kula man da shi awa idonka." Ban san lokacin da tafiyata ta canza ba. Yara suka biyo ni duu, har wata akuya ta bar cin dusa tana kallona.

Bayan an ɗaura aure an yi azahar, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidan amarya. Nan fa kowa ya matso, kowa yana son ya taɓa. Wadda ta fi damuna ita ce Kulu, ƙanwar amarya, sa'ata ce, bakinta kamar barkono. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ɗan boko, ba mu mu riƙa mana. Ko tare anka haihe ku?"

Aka yi dariya. Na duba na ga yayyenta maza suna miƙo hannu, kuma na san in suka roƙi Yaya ba zai iya hana surukai ba. Rediyo zai bar wuyana, in koma ƙanen ango kawai, mai kai ruwan wanke hannu. Sai na gyara murya, na yi fuskar likita.

"Ni don ku nika hana ku. Abin ga wuta gare shi wadda ido bai gani. Tana ratsa ƙashi ta sha ɓargo. Wanda bai saba ba, in ya riƙe shi, ƙashinai laushi shika yi awa tuwon da ya kwana cikin ruwa. Malam da kainai ya hwaɗa muna."

Hannuwan da aka miƙo suka koma aljihu. Kulu ta ce, "To kai mi ya hana naka narkewa?"

"Mu 'yan makaranta an yi muna allura."

(Allurar agana aka yi mana, amma na naɗe hannun riga na nuna musu tabon, suka gyaɗa kai.)

Goggo Hajo, kakar amarya, tana zaune bakin zaure tana jinmu. Ta dafe gwiwa ta ce, "Ashe! Ni ko tun da abin ga ya shigo garin ga gwiwata taka ciwo."

Kulu ta ce, "Haba Goggo, gwiwarki tun ba a haihe ni ba taka ciwo."

"Yau ta hi! Ja can, marar kunya."

Kafin ka ce me, an ja tabarmi baya. Aka bar mini tsakiyar fili ni kaɗai kamar hakimi. Na lanƙwashe ƙafar hagu na zauna a kanta, na ɗora rediyo a cinya, na zaro eriya. Kaduna ta kama rangaɗau, ana kiɗan kalangu. Matsalar ita ce da na ɗan motsa sai tasha ta gudu, a ji shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, 'yan mata su yi tsaki. Saboda haka na ƙame. Ban motsa ba aka gama kiɗa, aka yi labarai, aka shiga gaishe-gaishe. An ajiye mini ƙwaryar fura a gaba, ban ko kalle ta ba, don manya ba sa shan fura a bakin aiki.

Dab da la'asar aka aiko daga cikin gida, wai mata ma suna son su ji, a shigo da rediyo, Kulu ta yi mini jagora. Na ce a raina yau za a ga tafiyar 'yan Tambuwal. Na rungume rediyo, na yunƙura da ƙarfi.

Ƙafar dama ta tashi. Ta hagu kuwa babu ita.

Na tafi luu, na faɗa da fuska cikin ƙwaryar fura. (A yaba mini nan: rediyon yana sama, ko ɗigo bai taɓa shi ba.) Na ɗago, fura na zuba daga hancina, na mintsini cinyata. Ban ji komai ba. Na doke ta. Kamar ƙafar wani aka ajiye kusa da ni. A nan ne abin da ban taɓa zato ba ya faru: na yarda da ƙaryata. Duk bayanin da na shirya da bakina ya dawo mini sabo fil, har da tuwon da ya kwana cikin ruwa.

Na kurma ihu. "Wayyo Allah! Ya sha! Ya shanye ɓargon! Allurar ba ta kama ba!"

Fili ya watse. Wani ya bar takalminsa, wani ya bi ta kan mai tallan goro. Goggo Hajo da gwiwarta ke ciwo ita ta riga kowa shiga zaure. Wani jarumin makiyayi ya tsaya daga nesa, ya miƙo sanda ya saƙalo igiyar rediyon, ya ɗaga shi kamar mataccen maciji ya rataye a reshen tsamiya, Kaduna na ta gaishe da mutane ita kaɗai. Yaya Umaru ya fito a guje cikin babbar rigar angwanci. Har yau yana cewa ni ya fara dubawa. Ni dai na ga inda idonsa ya fara zuwa, kuma ba kaina ba ne.

Aka ɗauke ni cak aka kwantar a kan tabarma, aka tafi kiran Baba Manu, maɗorin garin. Ana cikin jiransa sai na ji wani abu na tsikarar ƙafar, kamar tururuwa sun shiga wando. Na san wannan abin. Shi ne yake kama ni in na daɗe zaune a makarantar allo. Na motsa babban yatsa a ɓoye, ya motsa. Ƙafa ta dawo lafiya lau, danne ta kawai na yi.

Yanzu da mai hankali ne sai ya tashi ya ba da haƙuri. Amma rabin Kebbe na tsaye a kaina, wasu mata har da hawaye. Na yanke shawarar in ci gaba da nishi, in warke a hankali zuwa magariba.

Sai ga Baba Manu da damin kara da tsummoki, ya maƙalo zakara a hammata. Wanda bai sani ba, in za a yi ɗori akan karya ƙafar zakara a ɗaure ta tare da ta majinyaci, ranar da zakara ya taka, mutum ma ya taka. Ni da zakaran muka kalli juna.

Baba Manu ya lallatsa ƙafar tun daga ƙugu har idon sawu. Ya ce, "Ban ji karaya ba."

Na ce cikin muryar mai mutuwa, "Narkewa ta, Baba. Ba a jin ta da hannu."

"To, ni ban taɓa ɗorin narkakke ba. Amma ƙashi ƙashi na. Mu ja shi mu miƙe, mu ɗaure, shi kwanta can wurina har kaka. Ku riƙe man shi."

Ƙarti biyu suka danne mini kafaɗu. Baba Manu ya yi tofi a tafin hannu, ya kafa dugadugansa a ƙuguna, ya damƙi idon sawuna da hannu kamar na maƙeri. Kulu ta leƙo ta bayansa ta ce, "Baba, ja da ƙarhi. An yi mashi allura, bai jin zahi."

Har yau ban san yadda na zame daga hannun ƙartin nan ba. Na dai ga kaina a tsaye, sannan na ga kaina a guje. Na tsallake tabarma, na tsallake ɗan maraƙi, na haye dangar gidan maƙwabta da narkakkiyar ƙafar a gaba. Zakaran ma ya samu ya kuɓuce, muka yi tsere, na wuce shi. Ina jiyo dariya a bayana kamar garin zai tsage, da muryar Goggo Hajo a sama da ta kowa: "Kai, Manu ya iya ɗori! Bai ko ja ba yaro ya tashi!"

Bayan rumbu na ɓuya har yunwa ta koro ni. Yaya ya murɗe mini kunne a gaban surukansa, ya sa na faɗi ainihin abin da Malam ya ce, tun daga farko. Abin da na koya dai shi ne, in har bakinka ya ƙera ƙarya, kada ka zama kai ne farkon mai saye. Kuma in zama ya yi tsawo, a riƙa sauya ƙafa.

Rediyon kuwa ban ƙara taɓa shi ba har aka watse. A reshen tsamiya ya ƙare bikin, Kulu ce ke hawa turmi tana kunnawa tana kashewa. Ni tulu aka ba ni, aka ce tunda duk Kebbe babu mai lafiyar ƙafa kamata, in riƙa ɗebo wa baƙi ruwa daga rijiya.